Ringworm na Cleveland: Masu Kiɗa Na Girmama Su, Kasuwa Ba Ta San Da Su Ba

Tambaya: Malam, kwanan nan na fara sauraron Hatebreed da Knocked Loose. Wani abokina da ya daɗe a harkar ya ce min duk waɗannan 'yan baya ne, in je in nemi ƙungiyar kiɗa mai suna Ringworm, wai su ne aka danne wa haƙƙi. Na saurara, ban ji komai ba sai ihu da gudu. Su wane ne, kuma me suka bari da har ake wannan magana?

Amsa: Ƙanena, abokin naka yana da gaskiya, sai dai ya ƙara gishiri. Babu wanda ya zauna ya ƙulla wa Ringworm makirci. Sun fito da wuri, suka ɓace daidai lokacin da salon da suka sa hannu aka gina ya fara kawo kuɗi, da suka dawo kuma suka ƙi sassauta kiɗansu don ya shiga kunnen kowa. Masu kiɗa sun san darajarsu sarai, kasuwa ce ba ta taɓa waiwayarsu ba. Batun ihu da gudu kuwa, kowa haka yake ji a karon farko, kuma zan zo kansa. Amma sai ka san inda abin ya samo asali tukuna, in ba haka ba ba za ka gane abin da suka ƙara ba.

A farkon shekarun 1980 a Amurka, hardcore da metal, salo biyu na kiɗan jita mai ƙarfi, gida biyu ne da ba sa ga maciji. 'Yan hardcore, irin su Black Flag da Minor Threat da Bad Brains, waƙarsu minti ɗaya ce ko biyu, ba ado ba kwalliya, ka faɗi abin da ke cikinka ka sauka. Su ke buga faifansu da kansu, su ke shirya wasanninsu a ƙananan zauruka da ɗakunan ƙarƙashin gidaje. 'Yan metal kuwa gwaninta suka sa a gaba: dogon gashi, doguwar waƙa, mai jita ya ware shi kaɗai ya nuna iyawarsa, baitoci kan mutuwa da yaƙi da aljanu. Ɗan wannan gida in ya kutsa taron wancan, ba abin mamaki ba ne ya fito da kumburarren ido. A tsakiyar shekarun ne aka fara cuɗanya. A 1986 Cro-Mags da Agnostic Front na New York suka fitar da faifan da jitar metal ta fito ƙarara a ciki. A shekarar dai, daga ɗaya ɓangaren, Slayer suka saki Reign in Blood, waƙa 10 cikin ƙasa da minti 30, gudun da 'yan punk, gidan da hardcore ya fito daga cikinsa, suka ji suka ce ai wannan namu ne. Samarin da suka kafa Ringworm da wannan suka tashi, suna sauraron gida biyun ba tare da jin sun ci amanar kowa ba.

Garinsu ma yana da hannu a ciki. Cleveland birnin masana'antar ƙarfe ne a bakin tafkin Erie, a jihar Ohio. A 1950 mutanensa sun haura dubu 900, zuwa 1990 sun dawo dubu 505 da 'yan kai, don masana'antu sun yi ta rufewa, masu hali sun yi ta komawa bayan gari. Kogin Cuyahoga da ya ratsa birnin ya kama da wuta a 1969 saboda mai da dattin masana'antu da ke yawo a kansa, a 1978 kuma hukumar birnin ta kasa biyan bashin da bankuna ke bin ta. Ga hunturu mai tsawo, ga ƙanƙara. Ni ban yarda da masu cewa fatara kaɗai ke haifar da kiɗa mai zafi ba, don garuruwa nawa suka tsiyace ba su haifar da komai ba. Amma Cleveland tana da gadon kiɗa mai tsauri tun shekarun 1970, zamanin Dead Boys da Pere Ubu. Saboda haka a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da hardcore na gabashin ƙasar, irin na Youth of Today, ya cika da waƙoƙin haɗin kai da zumunci da gyaran hali, wasu samarin Cleveland suka ji abin bai dace da abin da suke gani a titunansu ba. Suka ɗauki ƙarfin kiɗan, suka zubar da fatan alherin da ke cikinsa.

Waɗanda suka fara buɗe wannan hanya su ne Integrity, da aka kafa a 1988 ƙarƙashin mawaƙi Dwid Hellion. Faifansu na 1991, Those Who Fear Tomorrow, shi ne yawancin masana ke nunawa in ana maganar mafarin hardcore mai ruwan metal. Ringworm sun haɗu wajajen 1989, da mawaƙi James Bulloch, wanda kowa ya fi sani da Human Furnace, da mai jita Frank Novinec. Sun fitar da kaset ɗin gwaji a 1991, sannan cikakken faifansu na farko, The Promise, a 1993 a wani ƙaramin kamfani mai suna Incision. Gari ɗaya, abokan juna, har makaɗa suke musanya a tsakaninsu. Amma halinsu ya bambanta, kuma wannan bambanci ne ya yanke wa kowa rabonsa daga baya. Integrity sun lulluɓe kansu da asiri: maganar tashin duniya, ƙungiyoyin asiri, jita-jita kan mawaƙinsu wadda shi kansa bai damu ya ƙaryata ba. Irin wannan yana ba 'yan jarida abin rubutawa, yana ba matasa abin gulma. Ringworm ba su da wannan. Fushi ne tsirara, cin amana, ramuwa, ƙin jinin munafunci, an faɗa a fuska an wuce.

To, mu zo kan ihu da gudun. Abu na farko, kada ka yanke hukunci da lasifikar waya. Ba ta fitar da ƙasan sauti, kuma rabin wannan kiɗa a ƙasa yake. Nemi hedifon mai kyau, ka manta da muryar na ɗan lokaci, ka bi jita kaɗai. Za ka ji mai jitar ya kwantar da gefen tafin hannunsa na dama a kan tsirkiyar da ta fi kauri, yana karta ta da sauri sama da ƙasa, sautin na fita a datse, guntu-guntu, ba ya yin tsawo. Sai can ya ɗaga hannun ya saki ƙara guda ta buɗe, ya sake dannewa. Wannan dabara ta thrash ce, wato metal mai gudu, ta gidan su Slayer da Exodus da Kreator na Jamus. A ƙarƙashinta mai ganguna yana gudu irin na punk, ƙafa da hannu suna karɓeɓeniya ba hutu. Wato hannun jita na metal ne, ƙafar ganga ta hardcore ce, kuma ba a ɗinke su ɗaya bayan ɗaya ba, a lokaci guda suke tafiya. Da yawa cikin waɗanda suka gwada haɗin nan, za ka iya nuna wurin ɗinkin: nan sun yi punk, nan sun koma metal. A waƙar Ringworm da wuya ka samu wurin sa yatsa.

Bayan minti ɗaya ko ɗaya da rabi ana wannan gudu, sai kwatsam kiɗan ya rabe biyu. Gangar ta yi nauyi, jitar ta koma bugu ɗai-ɗai, kowane bugu da sarari tsakaninsa da na gaba. Wannan shi suke kira breakdown. Idan ka taɓa ganin ɗan tauri yana tsaye lafiya lau, makaɗi ya juya kiɗa ya ɗauko takensa, jikinsa ya hau tsuma, to ka san aikin da wannan gaɓa take yi wa masu kallo. A zauren da ba shi da shinge tsakanin dandamali da jama'a, nan ne fili ke buɗewa a tsakiya, samari su yi ta wurgi da hannu da ƙafa, wasu su hau dandamali su faɗo kan 'yan uwansu, mawaƙi ya miƙa makirfo cikin tarin fuskoki kowa ya kwarara baitin da ya haddace. Inda Ringworm suka fi 'yan baya shi ne ba sa araha da wannan gaɓa. A wurin ƙungiyoyi da yawa na shekarun 2000, breakdown ita ce waƙar, sauran duk jira ne. A wurinsu gudun shi ne waƙar. Saukar tana zuwa a gajarce, bayan an gaji da gudu, ta yi abin da za ta yi, a koma gudu ko a rufe. Shi ya sa tana dukan ƙirji fiye da ta waɗanda ke maimaita ta sau huɗu a waƙa guda.

Muryar kuma, wadda ita ta fi korar sabon shiga, ita ce babban jarinsu. Ba gurnanin ƙasa ba ne irin na death metal, ba kuma haushin ƙirji ba ne irin na 'yan New York. A tsakiya take, ta ɗan karkata sama, a kece, kamar maƙogwaron zai yage, amma idan kunnenka ya saba za ka tsinci kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa aiki da mawaƙa a situdiyo ya san irin wannan murya ba ta daɗewa. Yawanci shekara biyar ko goma ta dushe, ko mai ita ya sauya salo don ya tsira da maƙogwaronsa. Ka ɗauki faifan 1993 da na 2023 ka jera su. Shekara 30 ne tsakani, muryar ta ƙara kauri amma zafinta bai ragu ba. A cikin masu wannan sana'a, ana ƙirga irinsa da yatsun hannu.

Yanzu ga inda rabo ya kuɓuce. Ba a daɗe da fitowar The Promise ba ƙungiyar ta watse. Human Furnace ya mai da hankali kan sana'arsa ta zanen tatu, wadda har yau ita ce ke riƙe da shi, Frank kuma ya koma Integrity ya yi musu jita a faya-fayansu na tsakiyar shekarun 1990. Ka duba abin da ya faru a waɗannan shekaru da suke kwance. Earth Crisis na Syracuse sun fitar da Firestorm a 1993, suka biyo da cikakken faifai a 1995, suka hau dandamalin Ozzfest, babban bikin kiɗan metal, a 1996. Snapcase da Strife suna ta zagaya ƙasa. A 1997 Hatebreed suka fitar da cikakken faifansu na farko a kamfanin Victory na Chicago, ya yi kasuwar da ba a saba gani ba a hardcore. Shekarun da aka raba suna da matsayi ke nan, Ringworm kuma ba su cikin ɗakin. Sai ƙarshen shekarun 1990 suka sake haɗuwa, faifansu na biyu, Birth Is Pain, bai fito ba sai 2001. Shekara takwas tsakanin na farko da na biyu, a harkar da masu sauraronta yawanci 'yan shekara 16 zuwa 25 ne, ai an yi sabon zubi gaba ɗaya.

Ka tuna kuma lokacin ba YouTube ba Spotify. Faifan da ƙaramin kamfani ya buga, in ya ƙare ya ƙare. The Promise ya zama abin da ake kwafa a kaset daga hannu zuwa hannu, ana jin labarinsa fiye da yadda ake jin sa. Sai a 2003 kamfanin Deathwish, wanda Jacob Bannon mawaƙin Converge yake cikin waɗanda suka kafa shi, ya sake buga shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka matsayinsu a wurin masu kiɗa: mutumin da ƙungiyarsa ke cikin waɗanda aka fi yabo a fagen ne ya ga bai kamata faifan ya ɓace ba.

Da suka dawo sun samu gurbi a Victory, suka yi faifai huɗu a can: na 2001, Justice Replaced by Revenge a 2005, The Venomous Grand Design a 2007, da Scars a 2011. A ido wannan babban rabo ne, amma Victory ɗin da suka tarar ba shi ne na zamanin Earth Crisis ba. Kuɗin kamfanin a lokacin yana fitowa ne daga su Thursday da Taking Back Sunday da Hawthorne Heights, samari masu waƙar soyayya da ɓacin rai da murya mai zaƙi, waɗanda ke sayar da faifai dubu ɗaruruwa. Ba na ganin laifin ɗan kasuwa in ya sa ƙarfinsa inda riba take. Sai dai hakan na nufin dattawan Cleveland masu kururuwa sun zama 'yan rakiya a gidan da suke. A lokaci guda kuma sunan metalcore, wato haɗin metal da hardcore, wanda a da su da Integrity da Earth Crisis ake nufi da shi, ya tashi daga kansu ya koma kan wani abu dabam. Killswitch Engage da As I Lay Dying da ire-irensu sun ɗauko jita mai daɗin ji irin ta 'yan Suwidin, At the Gates da In Flames, suka sa amshi da tattausar murya a tsakiyar kururuwa. Wannan amshi shi ne mabuɗin gidan rediyo. Ringworm ba su taɓa yin sa ba, ko sau ɗaya ba su gwada don a gani ba.

Kwatanta su da Hatebreed, tunda da su ka fara, zai fito maka da abin a fili. Kiɗan Hatebreed ba shi da taushi, amma baitocin Jamey Jasta na ƙarfafa gwiwa ne: ka tashi, ka jure, ka fi ƙarfin abin da ya kayar da kai. Soja zai saurara, mai ɗaga ƙarfe a gidan motsa jiki zai saurara, wanda ke fama da barin shaye-shaye zai saurara. Da wannan suka hau Ozzfest a 2001, suka shiga babban kamfanin Universal a 2002, har aka sa su takarar Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka. Earth Crisis su ma suna da abin sayarwa: aƙidar ƙin giya da ƙwaya da ƙin cin nama, wadda ta jawo musu mabiya da maƙiya da 'yan jarida. Ringworm ba su da tutar da za a bi. Ba su yi maka alkawarin gobe za ta yi kyau ba, ba su kira ka ka shiga wata tafiya ba. Wani abin dariya, ko na takaici, ya danganta da inda ka tsaya: Frank Novinec, wanda da shi aka kafa Ringworm, ya bi ta Terror na Los Angeles, a 2006 ya shiga Hatebreed, yana can yana kaɗa jita a gaban dubban mutane a manyan bukukuwan Turai, yayin da ƙungiyar da ya kafa ke cika ƙananan zauruka.

Akwai kuma matsalar rashin gida. Bayan tafiyar Frank, Matt Sorg ne ya zama ƙashin bayan jitar, shi kuwa mutumin thrash da death metal ne tun asali, don haka kiɗan ya ƙara karkata wajen metal. Yaran hardcore suka ga abin ya yi musu yawan gudu da gwaninta, ba isasshen wurin tsalle. 'Yan metal kuma suka ga sunan Victory da tarihin hardcore suka kau da kai ba su ma saurara ba. Ga shi mutanen ba yara ba ne, kowa da aikinsa da iyalinsa, ba za su iya kwana wata tara a shekara cikin motar bas suna bin garuruwa ba, alhali a wannan harka zagaye da sayar da riguna a ƙofar zaure su ne abinci, ba faifai ba. Masu ganguna da masu bes sun yi ta shiga da fita. Mutum ɗaya ne bai taɓa gusawa ba, mawaƙin.

Komawarsu kamfanin Relapse a 2013 ta ɗan gyara wannan, don Relapse gidan metal ne mai mutunci, masu saye suna amincewa da tambarinsa. A can suka yi Hammer of the Witch a 2014, Snake Church a 2016, da Death Becomes My Voice a 2019. A 2023 suka fitar da Seeing Through Fire a Nuclear Blast, kamfanin da aka kafa a Jamus wanda yana cikin manyan gidajen metal na duniya. Cikakkun faifai tara ke nan. Abin da ba a saba gani ba shi ne ingancin bai faɗi ba. Yawancin tsofaffin ƙungiyoyin hardcore da faifai ɗaya ko biyu na ƙuruciya suke cin abinci, sabon da suka fitar ko su ba sa kaɗa shi a dandamali. A ganina Hammer of the Witch ya fi Birth Is Pain ta kowace fuska, rubutu da kiɗa da ɗaukar sauti, kuma mutanen da suka haura shekara 20 a fage ne suka yi shi.

Kada ka ɗauka ba su da aibu. Babban abin da ake faɗa a kansu gaskiya ne: faya-fayansu sun yi kama da juna. Ka saurari uku a jere, za ka rasa inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Ba su taɓa yin faifan da ya juya akalar fagen gaba ɗaya ba, irin yadda Jane Doe na Converge ya yi a 2001. Integrity sun yi ta sauya kama, wani lokaci su dace wani lokaci su yi ɓatan kai, amma kullum akwai sabon labari. Mai sharhi in an ba shi sabon faifan Ringworm, abin da zai rubuta bai wuce "sun sake yi, kuma ya yi kyau" ba, wannan kuwa ba ya cika shafi. Wani ɓangare na rashin ambatonsu daga nan yake, kuma su suka zaɓa. Ni dai ina ganin zaɓin nasu da mutunci, amma ba zan ce an zalunci wanda aka ce masa ga hanyar kuɗi ya ce a kai kasuwa ba.

Abin da suka bari, sai ka bi ta kunnen masu kiɗa za ka gan shi. Akwai abin da ake kira sautin Cleveland, wasu su ce Clevo a taƙaice, wasu su haɗa shi da laƙabin Holy Terror da Integrity suka yaɗa: hardcore mai duhu, jitar thrash, murya a kece, ba wa'azi. Gaskiya kaso mafi tsoka na yabon Integrity ke ɗauka, kuma sun cancanta, amma duk inda aka ambace su a wannan magana Ringworm ne suna na biyu. Sautin ya yi tasiri a Turai fiye da yadda ya yi a gida. A Beljiyam, inda Dwid kansa ya koma da zama daga baya, ƙungiyoyi irin su Rise and Fall sun taso a kansa. A Ingila akwai Rot in Hell. A Baltimore akwai Pulling Teeth, wanda mai jitarsu Dom Romeo ya kafa kamfanin A389 ya yi ta buga kayan wannan zuri'a, har da na Ringworm, daga baya ma shi kansa ya shiga Integrity. Ringworm sun yi faifan haɗin gwiwa da Terror, sun yi da Mindsnare na Ostareliya. A wannan duniya, ƙungiya ta yarda ta raba faifai da kai babbar shaida ce, don sunanta take jinginawa da naka.

Su Knocked Loose da kake ji, waɗanda suka kai ga takarar Grammy suka kuma yi wasa a shirin talabijin na dare a Amurka a 2024, ba zan ce maka Ringworm suka kwafa ba. Kiɗansu ya fi jinkiri, ya fi dogara da breakdown, kuma sun sha daga wurare da yawa. Amma ra'ayin cewa za a iya haɗa hardcore da metal a bar shi da ɗacinsa, ba amshi mai zaƙi, kuma a samu masu saye, wasu ne suka riƙe shi da rai a shekarun da kasuwa ta ce sai an zuba sukari. Da matasan shekarun 2010 suka gaji da metalcore na rediyo suka koma tono kayan shekarun 1990, sun tarar da yawancin ƙungiyoyin wancan zamani sun mutu ko suna wasan tuna baya. Ringworm kuwa suna nan suna fitar da sabo. Haka Power Trip na Texas, da suka yi suna da haɗa thrash da hardcore, fili suka shiga wanda ba a bari ya yi ciyawa ba.

Abu ɗaya ya wajaba in gaya maka kafin ka zurfafa. Baitocin Ringworm ba na wasa ba ne. Akwai mutuwa, akwai ƙiyayya, akwai suka mai zafi ga addini, musamman cocin da suka taso suka gani a ƙasarsu, kuma hotunan bangon faifan, waɗanda Human Furnace ya zana wasu daga cikinsu da hannunsa, cike suke da ƙoƙon kai da macizai da siffofin shaiɗanu. Mafi yawan wannan ado ne na gidan metal da finafinan ban tsoro, ba ibada ba ce, amma ba zan ce maka babu saƙo a ciki ba, akwai. Wasu suna sauraron kiɗan su bar maganar, wasu ba za su iya raba su ba. Kai ka san kanka da iyakarka, ka karanta baitocin kafin ka haddace su.

In ka yanke shawarar ci gaba, kada ka fara da The Promise duk da shi ake ta yabo. Ɗaukar sautinsa ta masu ƙaramin ƙarfi ce, ɗanye ne, kunnen da ya saba da faifan zamani zai ji shi a bushe. Fara da Justice Replaced by Revenge, shi ya fi kusa da Hatebreed ɗin da ka sani, waƙoƙin gajeru ne, sautin a wanke. Daga nan ka tsallaka Hammer of the Witch ka ji yadda metal ɗin ya rinjaya. Waƙa uku ko huɗu a zama ɗaya sun isa, kada ka cika ƙarar har kunnenka ya yi ƙugi. Sai bayan nan ka koma na 1993, ka riƙa tuna cewa lokacin da aka ɗauke shi ba a ma kafa Hatebreed ba.